Kafin ka biya kuɗin kwas ɗin nutso kan jirgin da ya nitse

Wani ƙanina da ke karatu a Alƙahira ya turo min hotunan baburan nan da ke cikin jirgin ruwan Thistlegorm da ya nitse, wai yana so ya je ya gani da idonsa, wane kwas zai biya. Nace masa malam ka bi a hankali, wannan ba wankan kududdufi ba ne. Jirgin Ingila ne da jiragen yaƙin Jamus suka jefa wa bam a watan Oktoban 1941 a Bahar Maliya, yana nan kwance a zurfin mita 30 da ɗoriya, da baburan BSA da motocin Bedford da takalman roba na sojoji duk a cikinsa, murjani ya rufe ƙarfen kifi na shiga da fita.

To ga yadda abin yake. Katin farko na PADI, ƙungiyar da ke ba da shaidar koyon nutso, wato Open Water, mita 18 kawai ya baka, dashi ba zaka taɓa ƙasan jirgin ba. Na biyu Advanced Open Water shi ke kai ka mita 30, sai Deep Diver mita 40 wanda nan ne iyakar nutson nishaɗi gaba ɗaya. SSI, wata ƙungiyar irinta, ma kusan haka tsarinsu yake, kuma shagunan nutso na garuruwan Sharm da Hurghada a Masar duk suna karɓar katin biyun, dan haka kar ka ɓata lokaci wajen gardamar wanne yafi. Malamin da zai koya maka shi ne abin dubawa. Ka tambayi ɗalibai nawa yake shiga ruwa dasu, in kaji sama da huɗu a mita 30 ni dai zan nemi wani wurin. Akwai wani shago da na taɓa zuwa suka haɗa mu mu bakwai da malami ɗaya saboda araha, muna sauka ya ɓace min cikin kumfa, wallahi ranar na gane arha bata ado.

Abin da mutane basa lissafawa shi ne a mita 30 matsin ruwa ya ninka na sama sau huɗu, iskar silindarka ma sau huɗu take saurin ƙarewa, kuma da iska ta yau da kullum wajen minti 20 kake dashi kafin nitirojin ya taru a jiki fiye da ƙima. Ga kuma buguwar da yake sawa, kana kallon agogon iska kana ganin lambar amma kanka ya ƙi fassara ta, wani ma dariya zaka ga yana yi shi kaɗai. Shi yasa in kuɗinka na kwas ɗaya ne bayan Advanced, nace ka ɗauki na Nitrox, iska ce mai iskar oksijin kashi 32, tana ƙara maka mintuna a ƙasa, amma tana da iyaka wajen mita 33 zuwa 34, ka wuce nan oksijin ɗin da kansa zai iya sa ka farfaɗiya a ruwa. Buguwar kuma bata hanawa, kar wani ya ruɗe ka.

Kwas ɗin Wreck Diver, wato na nutso kan jirgin da ya nitse, nutso huɗu ne, ana koya maka zagaya jirgi, jan igiya, da shiga iya inda hasken waje yake kaiwa. Iya nan. Shiga lungu mai duhu irin ɗakin inji wannan sai kwas ɗin ƙwararru kamar Advanced Wreck na ƙungiyar TDI, da silinda biyu da tocila ta ajiya. Abin da ke kashe mutane a ciki laka ce, ƙafarka ta bugi ƙasa sau ɗaya sai tsatsa da taɓo su tashi, tocila a hannunka amma ko tafin hannunka baka gani, ƙofar da ka shigo ta ɓata. Dan haka ake raba iska uku, kashi ɗaya shiga, ɗaya fita, ɗaya ajiya ba a taɓawa.

Kaya kuwa kar ka sayi komai da farko sai kwamfutar nutso da ake ɗaurawa a hannu kamar agogo da gilashin fuska da ya zauna maka daidai, sauran haya ya wadatar. A cikin kwamfutocin, Suunto Zoop mai sauƙi ce kuma tana aiki da Nitrox, Shearwater Peregrine tafi tsada amma fuskarta mai launi ce ana karantawa a duhu, in kana ganin zaka daɗe a harkar ita zan ce. Ka ƙara da ƴar wuƙar yanke zare da balan-balan ɗin nan mai ruwan lemo da ake sakewa sama, dan igiyar ruwa a Thistlegorm tana da ƙarfi. Inshorar nutso irin ta ƙungiyar DAN ma ka saka a lissafi, ɗakin matsin iska da ake jinyar wanda kumfar nitirojin ta shiga jininsa akwai a Sharm da Hurghada amma ba kyauta ba ne. Tsayawar minti 3 a mita 5 lokacin da kake fitowa sama kar ka tsallake, kuma in kayi nutso da yawa ka bari aƙalla awa 18 kafin ka hau jirgin sama.

Daga Sharm kwale-kwalen yini tun kafin asuba yake tashi, ka isa a gajiye ka tarar da cunkoso, wanda ake kwana a cikinsa yafi tsada amma zaka riga kowa sauka. Akwai kuma jirgin fasinja Salem Express kusa da garin Safaga, wanda ya nitse a Disambar 1991 yana dawowa daga Jidda da ɗaruruwan mutane, da yawansu daga umara suke. Ana kai masu nutso, zaka ga akwatuna a warwatse a ƙasa. Ni dai na faɗa wa ƙanin nawa in an sa shi a jerin tafiyar ya tsaya daga waje yayi musu addu'a.