Asibitin dabbobin da ya karɓi mesar ƙanena

Ƙanena ya tafi bautar ƙasa ya bar mesarsa a hannun wani yaro, irin ƙaramar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata. Wata uku ban leƙa ba. Ranar da na buɗe akwatin sai da na yi ƙwalla. An jefa mata ɓera da rai ya kwana a ciki, ya gwaigwaye mata baya wuri biyu har nama ya fito. Tsohuwar saɓa ta bushe a jikinta, ta shaƙe bakin wutsiya kamar zobe, idon hagu kuma ya yi hazo.

Asibitin dabbobi biyu na je aka ce mini su kaji da awaki suke dubawa. A na uku ne likitar ta ce, "Malam, ɗora ta nan." Hannunta ko rawa bai yi ba. Ta sirka aidin da ruwa har ya koma kalar shayi marar kauri, ta wanke ciwon, ta shafa man silver sulfadiazine, wanda ake sa wa ƙuna. Ta ce hunturun Kano ne ya hana saɓar fita, domin a dawa cikin ramuka masu laima irin wannan mesa take kwanciya, tana son danshi wajen kashi 60 cikin 100. Ta sa na kwashe garin katako na shimfiɗa takarda, in riƙa jiƙa ta a ruwa mai ɗan ɗumi minti 20, in ajiye mata roba mai ƙofa da jiƙaƙƙen tawul a ciki. Ido kuwa ta ja mini kunne: murfi ne na tsohuwar saɓa ya maƙale a kai, kada kowa ya taɓa, saɓa ta gaba za ta ɗauke shi. Na fito ina sa mata albarka.

Amma komawata ta biyu har yau tana ci mini rai. Likitar ba ta nan, ba wanda ya sanar da ni, sai yaronta ya ɗauko hantsaki ya nufi idon nan. Hannunsa na riƙe! Da ya makantar da ita fa? Kuma kuɗin ganin likita cif aka karɓa. Lambar da ke jikin allonsu ma ba a ɗauka.

Bayan mako biyar ta yi saɓa guda cur, har da murfin idon. Bakin wutsiyar dai ya riga ya mutu, ya faɗi. Tabon bayan yana raguwa. Zan koma, amma sai na ga likitar da idona kafin in buɗe jaka.