Babban littafin jika 25 ko ɗan littafin OMS: amsa ga Malama

Malama, ƙanwata, kin tambaye ni wane littafi za ki saya cikin biyu, yanzu da aka ƙara miki aikin kula da ƴan matan makarantarku. Ki bar jika 25 ɗin nan, kuɗin babban, a hannunki. Littattafai biyun da kika tambaya a kansu duk suna ɗakina: babban littafin koyon ba ɗalibai shawara, wanda aka rubuta a Amurka aka fassara shi da Faransanci, da ɗan littafin Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, mai suna « Les premiers secours psychologiques ». Babban na sa aka kawo mini daga Yamai shekarar da direkta ya ɗora mini kula da ƴan mata a CEG ɗinmu, ƙaramar sakandare, nan Damagaram. Ƙaramin wata ma'aikaciyar lafiya ce ta turo mini a waya, na kai aka yi fotokopi. Sau biyu ina sake ɗinke shi saboda yawan buɗawa.

Ga abin da ya sa nake riƙe da ƙaramin. Akwai wata yarinya ƴar aji 4e da kullum sai ta yi barci a aji. An yi faɗa, an sa ta durƙuso, an rubuta sunanta, ba ta canza ba. Da aka turo mini ita, na yi abin da muka tashi muka tarar ana yi: na zaunar da ita na yi mata nasiha mai tsawo, cewa karatu gatan mace ne, cewa iyayenta suna wahala dominta. Kanta a sunkuye, « to, Malama » kawai take cewa. Ta fita ban san komai a kanta ba. A wannan satin ne na karanta shafin da littafin ya jera abin da ake faɗa da abin da ba a faɗa: kada ka matsa wa mutum sai ya ba ka labarinsa, kada ka katse shi, kada ka ce masa bai kamata ya ji abin da yake ji ba, kada ka yi alkawarin da ba ka iya cikawa, kuma ka bar shiru ya yi aikinsa. Ya kuma ce a fara da bukatun da ke gaban mutum, irin su ruwa da abinci da inda zai zauna cikin natsuwa.

Na sake kiranta lokacin hutun ƙarfe goma, muka zauna ƙarƙashin bedi bayan ajujuwa, inda ba mai jinmu amma ana ganinmu. Na miƙa mata ruwa, na tambaye ta ko ta karya kumallo. Ta girgiza kai. Na yi shiru, shirun da ya yi mini nauyi ƙwarai, don bakina ya saba da magana. Can sai ta fara. Daga ƙauye take, an ajiye ta gidan wani dangi don karatu. Kin san halin ruwa a garin nan lokacin bazara: famfo sai tsakar dare yake kawowa, in ya kawo. Ita ce mai bin layi da jarkoki har wajen ƙarfe biyu, da asuba kuma shara da wanke-wanke, sannan ta taho makaranta a ƙasa, ciki babu komai. Wata uku muna hukunta yarinya a kan gajiya da yunwa. Har yau in na tuna sai zuciyata ta sosu.

Littafin a kan abu uku ya tsaya: duba, saurara, haɗa mutum da wanda zai taimake shi. Na ukun ne ya hana ni in ɗauki kayan ni kaɗai. Na nemi izinin yarinyar tukuna, sannan na je wurin wata dattijuwa cikin ƙungiyar iyaye mata ta makaranta, wadda ta san matar gidan. Ita ta je, ta gaisa, ta yi maganar yadda manya ke yi, ba tare da an kunyata kowa ba. Aka raba ɗiban ruwan tsakanin yaran gidan. Yarinyar ta kai ga BEPC, jarrabawar kammala CEG.

Abin da ya ƙara kwanta mini a rai, littafin da kansa ya ce a dubi al'adar wuri: wa ya dace ya yi magana da mace, ko ya halatta a riƙe hannun mutum, wane harshe za a yi, wane tufafi. Ya yarda cewa addu'a tana kwantar da hankalin mutane da yawa, ya dai hana ka ɗora wa wani fahimtarka. Akwai sashe a kan yara da matasa, akwai dabarar kwantar da wanda ya firgita, ya taka ƙafafunsa a ƙasa, ya lura da abin da yake gani da wanda yake ji, ya ja numfashi a hankali. Na yi wa wata da ta ruɗe ranar jarrabawa, ta dawo hayyacinta. Akwai kuma babi a kan yadda mai taimako zai kula da kansa, kuma za ki bukace shi, don labaran yara suna bin mutum har gida. A 2011 aka fitar da shi, bai kai shafi 70 ba, Faransancinsa mai sauƙi ne.

Babban kuwa, babinsa na riƙon sirri da ajiye bayanan ɗalibi yana da kyau, wannan na ba shi. Sauran an rubuta su ne don mai ofis nasa da ƙofa, mai likitan ƙwaƙwalwa da zai tura wa yaro, a ƙasar da ƙungiyar masu wannan aiki take neman a ba kowane ɗayansu ɗalibai 250. Ke kina da ajujuwanki na koyarwa, aikin nan ƙari ne, kuma ƴan matan makarantar duka naki ne.

Ban ce ƙaramin ya gama komai ba. An rubuta shi don lokacin masifa, irin ambaliya, hatsari ko gudun hijira, sai ke ki juya shi ya dace da makaranta. Ba ruwansa da zaɓen hanya bayan BEPC, ko yaro ya shiga sashen A, C ko D a lise, ko ya nufi makarantar koyon sana'a. Babban ma bai san tsarinmu ba, don haka wannan sai ki nemi bayani wurin hukumar ilimi ta jiha. In kin je, ki roƙi kwafin dokar Disamba 2017 a kan kariya da tallafa wa yarinya mai karatu. Ranar da uba ya zo cire ƴarsa daga makaranta, magana mai taushi ce gaba, amma sanin cewa akwai takardar hukuma a jakarki yana ƙarfafa gwiwa. Sannan duk yaron da ya ambaci kashe kansa, ko kika ga alamar ana cutar da shi, ko ya nutse cikin tramol, wannan ya wuce littafi, ya wuce riƙon sirri: ki sanar da direkta, a kai shi wurin likita.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu talla a WhatsApp. Littafin OMS kyauta ne a shafinsu na intanet, amma na ga wanda ya cire bangon ya sa nasa yana sayarwa jika 5. Wata abokiyar aikina ta saya, ta tarar an tsallake shafuka, ciki har da na yara. Akwai kuma masu cewa ki tura kuɗi su ba ki takardar shaidar zama ƙwararriya cikin sati biyu. Babu wanda ke zama masanin halayyar ɗan Adam a sati biyu, kuma takardar ba ta da amfani wurin hukuma. Ko a shagon fotokopi ki tsaya ki ƙirga shafukan kafin a ɗinke.

Ki ɗauki na OMS. Bugawa da ɗinki ba su kai jika 3 ba. Da sauran kuɗin ki sayi kaye mai bango mai ƙarfi na rubuta bayanai, ki riƙa sa harafi maimakon sunan yaro, da akwati mai kwaɗo da za ki ajiye shi, da audugar mata ko fakiti biyu ne a aljihun tebur, don da yawa cikin masu fashin aji abin da ke hana su zuwa ke nan. Babban littafin, in kina son babin nan na sirri, ki biyo gida ranar Asabar da yamma in ara miki.