Kwana Ɗaya a Gandun Gadabeji: Abin da Kamfanin Yawon Buɗe Ido Ya Cika da Abin da Ya Gaza

A hutun makaranta na ƙarshen watan Disamba ne ni da mai ɗakina da ƴaƴanmu biyu da ƙanena muka biya wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido da ke nan Maraɗi domin ya kai mu gandun namun daji na Gadabeji, ya zagaya da mu a mota mu ga raƙuman dawa. Yaran ne suka matsa, domin sun sha kallon dabbobin Kenya da Tanzaniya a talabijin, ni kuma na daɗe ina jin nauyin cewa mutumin Maraɗi yakan ɗauki iyalinsa har Yamai ko Kano don su ga dabba a cikin keji, alhali a cikin jiharsa akwai daji mai faɗin hekta 76,000 da aka keɓe wa namun daji tun shekarar 1955, wanda kuma hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin wuraren da ake kare halittunsu a 2017.

Mun yi ciniki a kan jaka 250 mu biyar, kuma mai kamfanin ya ce kuɗin sun haɗa da mota da direba da mai da abinci da wurin kwana da kuɗin shiga gandun, tare da zagaye biyu, ɗaya da yamma ɗaya da safe. Kuskurena na farko shi ne ban nemi a rubuta wannan a takarda ba, saboda mutumin ya karɓe mu da fara'a kuma akwai sanayya a tsakaninmu. Abin da ya kamata ya sa in yi hattara tun a ofishinsa shi ne hotunan da ya liƙa a bango, waɗanda suka ƙunshi zaki da giwa da jakin dawa, dabbobin da babu ko ɗayansu a Gadabeji. Da na yi masa magana sai ya yi dariya ya ce ado ne kawai, amma ƙaramar ƴata ta riga ta sa a ranta cewa za ta ga giwa, kuma ni aka bari da aikin lallashi.

An ce za mu tashi bayan sallar asuba, mota ba ta iso ƙofar gida ba sai ƙarfe takwas. Daga Maraɗi zuwa Dakoro, ta Tibiri, tafiyar kilomita 120 ce da ɗoriya a kan kwalta, kuma ba ta ba mu wahala ba. Bayan Dakoro ne aka shiga yashi, gonakin gero suka riƙa raguwa har suka ƙare, aka koma filin kiwo mai karangiya da itatuwan aduwa da kandili jefi-jefi. A nan taya ta fashe, kuma a nan muka gane cewa tayar da aka ɗauko ta ko-ta-kwana ba ta da iska, famfo kuma babu shi a cikin motar. Fashewar taya a hanyar ƙaya ba laifin kowa ba ce, amma fita da iyali zuwa daji ba tare da an duba kayan gyara ba sakaci ne da ba ni da uzurin da zan nema wa kamfanin a kansa. Sa'a biyu muka yi a gindin aduwa kafin wata motar ƴan kasuwa ta taimake mu, kuma wannan jinkirin, haɗe da na safe, shi ya cinye mana zagayen yamma gaba ɗaya, wato rabin abin da muka biya.

Wurin kwana tanti ne guda biyu da tabarmi da barguna waɗanda ba su kai yawanmu ba, sanyin hunturu kuwa a wannan fili ba irin na cikin gari ba ne. Abincin dare shinkafa da miya ne, ba yabo ba fallasa, sai dai cukun da muka saya a hannun matan makiyaya da shayin da aka dafa mana sun rufa asiri.

Abin da ya fanshi tafiyar mutum ɗaya ne, kuma ba ma'aikacin kamfanin ba ne. Jami'an gandun daji ne suka haɗa mu da wani dattijo Bafillace ɗan yankin, wanda yake cikin masu sa ido a kan raƙuman dawan, suka ce shi zai shiga gaban mota. Da daddare, muna zagaye da garwashi, ya ba mu labarin yadda dabbar ta ɓace daga wannan daji kimanin shekara 50 da suka wuce saboda fari da farauta, har ta zama abin da tsofaffi kawai ke ba da labarinsa. Ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun tattaru ne a yankin Kure, kilomita 60 daga Yamai, inda a 1996 guda 49 kacal suka rage a duniya baki ɗaya, kafin kulawa ta sa su haura 600. Tun da yake dukkansu suna wuri guda, a tsakiyar gonaki da ƙauyuka, cuta ɗaya ko fari ɗaya na iya shafe su, shi ya sa a watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko takwas a manyan motoci, aka yi tafiyar kilomita 800 da su zuwa Gadabeji, sannan aka ƙaro huɗu a 2022. Wanda ya riƙe waɗannan alƙaluma a ransa zai gane cewa neman dabbobi ƴan ƙalilan a fili mai wannan girma aiki ne na mai sanin sawu, kuma babu kamfanin da ke da ikon yi wa mutum alkawarin ganinsu.

Mun fita ana idar da sallar asuba, hazo bai gama washewa ba. Dattijon bai cika magana ba, hannu kawai yake ɗagawa direba ya tsaya, ya sauka ya duba ƙasa. Ya nuna wa yaran sawun kofato mai faɗi, ya ce na jiya ne domin iska ta riga ta zubar da gefensa, ya tsinci kashin dabbar, ƙanana kamar ƴaƴan aduwa, ya murje ɗaya ya ce wannan bai bushe ba. Ya kuma nuna musu rassan kandili da aka tsige ganyensu a can sama, inda raƙumin gida ba ya kaiwa. A cikin sa'a ta farko mun ga barewa sau uku, kullum daga nesa suna tsalle suna ɓacewa bayan tudu, mun ga dila ɗaya yana komawa maɓoyarsa, da garken zabin daji, da tuje guda biyu suna takawa a hankali cikin ciyawa. Mun kuma wuce garken shanu da rijiyar makiyaya a gefen gandun, abin da ya tuna mini cewa wannan daji ba a raba shi da mutanensa ba.

Sa'a ta biyu da ta uku babu komai sai yashi da rana, yaran suka fara gunaguni, ni ma a raina na fara lissafin asara. Wajen ƙarfe tara da rabi dattijon ya dafa kafaɗar direba ya nuna wani kwari mai itatuwa. Ni dai ban ga komai ba sai da wani abu da na ɗauka busasshen reshe ne ya juya ya dube mu. Raƙuman dawa ne biyar, har da ƙarami ɗaya wanda bai kai kafaɗar uwarsa ba. Direba ya taka mota zai matsa kusa don mu ɗauki hoto, dattijon ya ce masa, "Yaro, kashe motar nan. In ka bi su za su gudu, mai ɗa kuma ita za ta fi wahala." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Alhaji, ku yi haƙuri ku zauna, su da kansu za su fito fili." Haka kuwa aka yi, domin bayan kamar minti 20 sun fito suna kiwo har tazarar da ke tsakaninmu ba ta fi tsawon filin ƙwallo ba.

Launinsu ya fi na talabijin haske, zanen jikinsu ruwan ƙasa ne mai fatsi-fatsi, ƙafafun kuma daga gwiwa zuwa ƙasa kusan farare, wanda shi ne alamar irin na Afirka ta Yamma. Mun kalli yadda babbar take zura harshe, mai tsawon kusan rabin mita, tana zare ganye daga tsakanin ƙaya ba tare da ta soke ta ba, da yadda take jefa ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya lokaci guda idan tana tafiya, tamkar raƙumi. Ɗana ya tambayi dattijon, "Baba, wannan ƙaramin a nan aka haife shi?" Ya ce a nan aka haife shi, bayan uwarsa ta yi wata 15 da cikinsa, kuma ya faɗi haka ne da irin muryar da makiyayi yake maganar maraƙinsa. A wannan lokaci ne na fi jin haushin kamfanin, domin madubin hangen nesan da aka ce akwai a mota bai zo ba, sai wayar ƙanena muka riƙa karɓa-karɓa muna jawo hoto.

Da muka dawo Maraɗi na je na nemi a mayar mana da wani abu saboda zagayen yamma da muka rasa. Mai kamfanin ya ba da haƙuri, ya mayar da jaka 30, kuma na yaba masa da bai yi gardama ba, ko da yake kuɗin ba su kai kimar abin da ya salwanta ba. A wurinsa ne kuma na gano cewa ladan dattijon ba ya cikin lissafinsa sam, abin da muka ba shi da hannunmu shi ne kawai ya samu.

Zan sake zuwa Gadabeji, kuma ba zan ƙi bin wannan kamfani ba, tun da direbansa ya san hanyar yashi kuma mutum ne mai ladabi, amma sai an rubuta yarjejeniya, an sa ladan mai nuna hanya a ciki, na kuma duba taya da famfo da shebur da jarkokin ruwa da idona kafin a tashi. Wanda zai je ya nemi kwana biyu a cikin gandun maimakon ɗaya, ya tafi da bargonsa, ya fara tuntuɓar jami'an gandun daji da hukumomin Dakoro a kan halin da hanya take ciki, kuma ya gaya wa yaransa tun daga gida cewa babu giwa.