Gwanjon kyamarata a eBay da mutumin da ya taya ninki biyu

Shekara shida kyamarar ta yi a hannuna kafin na yanke shawarar rabuwa da ita. Na zaɓi shafin intanet na saye da sayarwa mai suna eBay ne saboda gwanjo shi ne asalin sana'arsu tun da Pierre Omidyar ya kafa shafin a Amurka a 1995. Saka kaya bai ba ni wahala ba. Hotuna, bayani, farashin farawa, sai ka zaɓi tsawon gwanjon: kwana 1, 3, 5, 7 ko 10. Na zaɓi 7.

A rana ta uku mutum huɗu sun riga sun taya. Da daddare sai ga saƙo daga wani da bai taya ba. Ya ce kyamarar ta kwanta masa a rai, zai biya ninki biyu na tayin da ke sama, sharaɗinsa kawai in rufe gwanjon a daren mu ƙarasa ciniki ta imel. Ya rubuto lambar wayarsa da kalmomi, a rarrabe, domin shafin yakan tare saƙon da ke ɗauke da lamba ko adireshin imel. Maganar gaskiya, zuciyata ta kwaɗaitu. Har na fara lissafin abin da zan yi da kuɗin.

Abin da ya fara sanyaya min jiki shi ne asusunsa. A makon aka buɗe shi, ba wanda ya taɓa yi masa shaidar saye ko sayarwa. Sabon asusu ba laifi ba ne, kowa da ranar da ya fara. Amma da na zauna na yi tunani sai na ga maganar tasa ba ta da kai. A gwanjon eBay mai saye yana rubuta iyakar abin da zai iya biya ne, shafin ya riƙa taya masa kaɗan-kaɗan duk lokacin da wani ya wuce shi. Wanda da gaske yake shirye ya biya ninki biyu, sai ya rubuta adadin ya kwanta barcinsa, mai yiwuwa ma ya samu kayan a ƙasa da haka. To me zai sa mutum ya dage sai ya biya fiye da kima, kuma a wajen shafin?

Amsar tana cikin yadda 'yan damfara ke aiki. Da zarar sun samu imel ɗinka sai su turo wasiƙar bogi mai tambarin kamfanin biyan kuɗi, wai kuɗi sun shigo amma an riƙe su sai ka turo lambar bin diddigin kaya. Ka aika kaya, kuɗi kuwa babu su tun farko. Wasu kuma sukan ce sun yi kuskure sun biya da yawa, ka mayar musu da rarar. Akwai masu biya da katin sata, bayan makonni mai katin ya kai ƙara banki a janye kuɗin. Duk cinikin da aka yi a waje kuwa ya saɓa dokar eBay, ba kariyar da za ta rufe ka, asusunka ma yana iya shiga matsala. Ga kuma haƙƙin mutum huɗun nan da suka taya bisa amana, wannan ya tsaya min a rai sosai.

Na ba shi amsa a cikin shafin: na gode, albarka, in yana so ya taya kamar kowa. Ya sake turo saƙo biyu, ya ƙara kuɗi, ya ce tafiya zai yi gobe. Gaggawar ce ta ƙarasa gamsar da ni. Na kai rahotonsa, na saka shi a jerin waɗanda na hana tayi, abin bai ci min minti biyu ba. Nan ne na fi yaba wa shafin, domin duk saƙonnin suna ajiye, da rigima ta taso ga shaida.

Gwanjon ya ƙare da gudu. A daƙiƙun ƙarshe mutum biyu suka yi ta wuce juna, farashi ya ɗaga, ko da yake bai kai abin da wancan ya ambata ba. Wanda ya ci ya biya washegari. Tun 2021 eBay da kansa yake karɓar kuɗi ya tura wa mai sayarwa bayan ya cire la'adarsa, saboda haka ban dogara da wani imel ba, sai da na shiga asusuna na ga an rubuta an biya.

Na ɗauki hoton lambar da ke jikin kyamarar da na kwalin bayan na liƙe shi, na aika zuwa adireshin da ke kan odar, na saka lambar bin diddigi a shafin. Bayan kwana biyar mai sayen ya rubuto cewa ta iso lafiya, har ya fara ɗaukar hotunan 'ya'yansa da ita.