Yaron da ya toshe mana ƙofofin saba

Jama'a bari in faɗi gaskiya kan wani yaro mai shagon kwamfuta a IBB Way da ya yi mana aiki a shagonmu na sari nan Ƙofar Ƙaura a Katsina, tunda 'yan kasuwa da yawa sun tambaye ni ko aikinshi na da kyau.

Sabarmu, wato babbar kwamfutar shago, ita ke riƙe da lissafin kaya da bashin kwastomomi na rassa uku, Windows Server 2012 R2 ce a kai, ni kuma tunda tana kunnuwa ban taɓa waiwayarta ba, ashe tun 10 ga Oktoba 2023 Microsoft suka daina ba ta ofdet na tsaro kyauta. Da yaron ya zo bai ma zauna ba ya ce Alhaji zo ka gani, ya buɗe mani rajistar masu ƙoƙarin shiga, wallahi layi ne ba iyaka, cikin dare muna barci wasu na ta gwada fasuwod ɗaya bayan ɗaya ta ƙofar 3389, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, wadda aka bari a buɗe don akawunmu ya riƙa shiga daga gida. Fasuwod ɗin kuwa sunan shago ne da 123, ni na sa shi da hannuna, kunya kamar in nutse.

Ya rufe ƙofar a rauta, na'urar da ke haɗa mu da intanet, ya sa VPN, wato tsararriyar hanyar shiga daga nesa, ya kashe tsohon tsarin raba fayil na SMBv1 wanda ya ce ta nan cutar kwamfuta WannaCry ta bi ta yi ɓarna a 2017, sannan ya maida mu Windows Server 2022. Abin da ya fi burge ni shi ne asusun shiga saba na ma'aikata, har na wani kashiya da ya bar mu shekara biyu yana nan da ikon admin, wato cikakken iko a kan sabar! Ya goge, kowa ya ba shi iya abin da aikinshi ke buƙata. Bakof kuma, wato kwafin ajiya na bayananmu, faifai biyu, ɗaya ina tafiya da shi gida kullum, kuma a gabana ya gwada dawo da fayil don in ga ba cika baki ba ne.

Inda ban ji daɗi ba, ya ce kwana biyu aikin ya kai biyar, ranar farko har sai da muka koma rubuta rasit da biro. Ga rashin ɗaga waya, sai ka kira sau huɗu ya turo saƙo wai yana Daura wajen wani aiki. Kuɗin lasisi ma ya ciza sosai, kuma bai gaya mani tun farko ba.

Akawunmu dai har yau yana mita kan sabuwar lambar tsaro da ke shigo mashi a waya kafin ya shiga sabar, na ce Malam haƙuri za ka yi. Wata mai zuwa yaron zai dawo ya duba reshen babbar kasuwa, amma wannan karon sai mun rubuta farashi a takarda tukuna.