Maɓallan sun yi, amma na'urar karɓar sulalla ta ci min kwana uku

Akwatin gem ɗin da kafinta ya haɗa min wata biyu yana jingine a zaure kafin kayan lantarkin da na saya masa su iso: maɓallai goma, sandar juyawa, ɗan allon USB da ke haɗa maɓallan da Raspberry Pi (ƙaramar kwamfutar da ke cikin akwatin), sai na'urar da ake jefa kuɗi. Maɓallan ba su ba ni wahala ba. Makunnin kowane maɓalli ƙafa uku gare shi, masu suna COM da NO da NC. Ka soka waya biyu a COM da NO, shi ke nan. Kafin la'asar RetroPie, manhajar da ke kunna gem ɗin, ya gane su duka.

Na'urar kuɗin ce ta nuna min iyakata. Ita wutar volt 12 take ci, allon kuwa volt 5. Na koya mata gane sulen dala ashirin, na yi ta jefa mata sulalla ɗaya bayan ɗaya har ta riƙe, tana ƙara tana haɗiyewa lafiya lau. Amma a fuskar talabijin ko gezau, kiredit, wato lissafin kuɗin da aka jefa, yana nan a sifili. Takardar da suka sako a kwalin rabin shafi ce, zanen ma ya dushe, kuma babu inda ta faɗi cewa wayar da maɓallan wannan allon suka yi tarayya a kai ta volt 5 ce. Ni na ɗauka ta ƙasa ce, wato mai volt sifili. Sai da wani mai gyaran rediyo a unguwarmu ya ɗora mita sannan muka gano. Ya ce, "Malam, Allah ya taimake ka ba ka ƙona allon ba." Ya sa ƙaramin rile na volt 12, wato makunnin da wuta ke kunnawa, tsakanin na'urar da allon, ya mayar da makunnin saurin siginar na'urar zuwa mafi jinkiri. Na jefa dala ashirin, rile ya yi ƙas, kiredit ya hau. Wallahi har tafi na yi.

A daren nan na yi niyyar yabon kayan. Washegari yara suka taru, ana cikin wasa maɓallin mai wasa na biyu ya mutu. Na buɗe bayan akwatin, sai ga bakin wayar yana lilo. Bakunan sun yi wa ƙafafun makunnin yawa, sai da na matse kowanne da filaya. Wayoyin ma gajeru ne, na dama sai da na yi musu ƙari da dalma. Na rubuta wa mai sayarwa sau biyu, har yau shiru. Maɓallan zan sake saye, amma allon da wayoyinsa ba daga wurinsa ba.