Shafin da ɗalibai suka gyara wa kulob ɗinmu na Kurna, bayan damina guda

Shekara 11 ke nan ina horar da yara ƙwallo a wani fili da ke bayan makarantar firamare a Kurna. Yara 46 ne a hannuna yanzu, daga ɗan shekara tara zuwa ɗan sha biyar. Duk tsawon lokacin nan ofishin kulob ɗinmu bai wuce littafi mai jan bango da ke cikin jakata ba, sai wani tsohon shafin intanet da wani ɗan unguwa ya buɗe mana, ya koma Legas da lambar sirrinsa. Da Turanci yake, kuma wasu daga cikin yaran da ke hotunan yau suna da iyali.

Bara, gab da faɗuwar damina, ɗalibai huɗu masu karatun kwamfuta, maza uku da mace ɗaya, suka zo mini da takarda daga malaminsu. Aikin kammala karatu ne aka ba su: kowane rukuni ya nemi ƙungiyar unguwa ya gyara mata shafi, a haɗa da sashen shirin ko-ta-kwana kan ambaliya da gobara. Ko sisi ba su karɓa ba. Masu horar da yara 'yan'uwana sun dame ni da tambayar ko abin ya yi amfani, shi ya sa na ga gara in faɗi abin da idona ya gani.

Sai da suka yi mako biyu suna zuwa fili bayan la'asar kafin su taɓa kwamfuta. Rannan budurwar, wadda ita ce shugabarsu, ta ce, "Baba Koci, don Allah ara mini wayarka." Na miƙa mata 'yar Tecno ɗina mai tsagaggen gilashi. Ta buɗe tsohon shafin, muka tsaya muna kallon abu yana ta juyawa har yara suka gama zagayen fili biyu, hoto ɗaya bai fito ba. Ta juya ta ce wa abokan aikinta, "To kun gani, da irin wannan wayar za mu riƙa gwada komai." Kuma sun cika alkawari. Sabon shafin da Hausa yake, rubutu manya-manya, yana buɗewa nan take ko da sabis ya yi ƙasa, kuma ba ya cin data. Akwai ranakun atisaye da na wasa, da fom ɗin da uba zai cike ya saka hoton takardar haihuwar ɗansa, abin da ya raba ni da wahalar bin gida-gida duk lokacin tantance shekaru. Yara suka roƙa aka ƙara musu tarihin ƙungiyar Kano Pillars: kafuwarta a 1990, kofunan lig na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, da yadda Ahmed Musa ya fito daga cikinta. Shi suka fi buɗewa.

Amma inda ɗaliban nan suka ci tuta a wurina shi ne sashen damina. Duk ɗan Kano ya san abin da ruwan Agusta ke yi. Mun ga yadda ya shiga Kantin Kwari a 2022 ya lalata dukiya, mu kuwa a unguwa fargabarmu ita ce kududdufi da lambatun da shara ta toshe, wanda in ya cika ba ka bambance shi da hanya. Suka ce in bi da su duk lungun da yarana ke bi in an tashi. Muka taka da ƙafa, suna yin alama a taswira: kududdufai biyu, wani lambatu marar murfi kusa da injin markaɗe, da wata taransifoma da wayoyinta suka yi ƙasa. Suka zana hanyar da ta fi tsawo amma ta bi bakin titi. A ƙarƙashi suka rubuta ƙa'idoji a taƙaice: da an ji tsawa a bar fili, kada a fake a gindin bishiya, kada a koma sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba, kada yaro ya shiga ruwa mai gudu ko da iya ƙwauri ne. Ga lambar gaggawa ta 112, ga ta 'yan kwana-kwana, wadda sai da suka kira a gabana aka ɗauka sannan suka saka ta, ga kuma hanyar duba hasashen yanayi na NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa.

Wata Laraba a cikin Agusta hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu tun kafin ƙarfe biyar. Na danna madannin da suka yi mini, saƙon "an tashi daga atisaye" ya tafi zauren iyaye na WhatsApp tare da taswirar. Bayan magariba wata uwa ta kira ni, muryarta na rawa, ta ce ɗanta ya iso a jiƙe sharkaf amma lafiya lau, ya ce mata ta titi ya biyo kamar yadda aka zana. Lungun da ya saba bi, a daren nan ruwa ya kai ƙugun babban mutum. Na daɗe zaune da wayar a hannu ina hamdala.

Sashen gobara kuwa bai kai wannan ba, kuma na faɗa musu. Da ganinsa ka san daga wani wuri aka kwaso shi, ana maganar na'urar jin hayaƙi da matakalar bene. Mu abin da ke cinye mana gidaje lokacin sanyi shi ne hitar ruwa da aka manta a bokiti, da garwashin da aka shiga da shi ɗaki, da tukunyar gas mai yoyo, da wutar lantarki da ke dawowa da ƙarfi cikin dare. Sun gyara rabinsa lokaci ya ƙure musu. Sun kuma yi kuskuren saka hotunan yara da cikakken sunansu, har wani uba ya zo fili ransa a ɓace, kuma yana da gaskiya. A ranar suka cire, suka je har gida suka ba shi haƙuri. Sannan iyaye da yawa ba sa karanta boko. Na nemi a saka murya a kowane sashe, na damina kaɗai ya samu.

Babbar damuwata ita ce wa zai riƙe shafin. Sun gama karatu, uku sun tafi bautar ƙasa. Sun bar mini lambar sirri, suka ba sakatarenmu kwafi, da takarda mai shafi huɗu ta yadda ake sauya jadawali, kuma tana aiki. Amma da fom ɗin rajista ya tsaya a Janairu, mako uku na yi ina jira kafin budurwar ta samu sarari ta gyara daga inda take. Akwai kuma kuɗin sabunta adireshin shafin duk shekara, wanda sai daga baya na san da shi.

Duk kocin da ɗalibai suka zo masa da irin wannan takarda, ina ba shi shawara ya karɓe su hannu bibbiyu, amma kafin ya sa hannu ya je ya ga malaminsu, a yi magana a kan cewa 'yan ajin da ke biye za su gaji aikin, a kuma faɗa masa kuɗin shekara tun farko. Ni na je makon jiya, malamin ya amince. Ranar Asabar sabbin ɗalibai biyu za su zo, zan kai su bayan masallacin Juma'a su ga ramin da masu ɗiban ƙasa suka haƙa da rani, don ya shiga taswira kafin ruwan farko.